Gajeriya ko doguwa: zaɓen tsawon sarƙar wuya da yadda ake saka doguwar

Idan mace ta shiga shagon gwal, abin da take fara tambaya shi ne giram nawa ce, karat nawa ce, ta Dubai ce ko ta Saudiyya. Ba a cika tambayar tsawo ba, alhali shi ke yanke hukuncin ko sarƙar za ta riƙa fita unguwa ko za ta ƙare a ƙasan akwati. A ƙara wa sarƙa inci biyu, sai ta faɗa cikin wuyan riga ta ɓace. A rage mata inci biyu, sai ta shaƙe mai ita har ta ƙosa a tashi daga wurin biki.

A Najeriya inci aka fi ji, a Nijar da Kamaru kuma santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, saboda haka inci 16 ya kama santimita 40 da ɗan ɗoriya, inci 18 kusan 45, inci 24 kusan 60, inci 36 kusan 90. Ana auna sarƙa ne tana miƙe, daga bakin maɓalli zuwa zoben da yake kamawa. Kan sarƙa, wato abin adon da ke rataye a tsakiyarta, ba ya cikin wannan lissafin. In kan ya kai inci ɗaya da rabi, to ki ƙara wannan a kan inda sarƙar za ta tsaya.

Lambar da ke jikin takarda ba ta san wuyanki ba, don haka awo ake farawa da shi. Ki ɗauki tef ɗin tela ki zagaya gindin wuya ba tare da matsewa ba. Yawancin mata suna tsakanin inci 12 da 15. Ki ƙara inci biyu a kan abin da kika samu, wannan shi ne mafi gajartar sarƙar da za ki iya wuni da ita. Ki ƙara huɗu, kin samu wadda za ta kwanta a kan ƙasusuwan gindin wuya. Daga nan ki yanko zare mai kauri daidai tsawon da kike son saye, ki ƙulla, ki saka rigar da za ki fi saka sarƙar da ita, ki tsaya gaban madubi ki duba ta gaba, ki duba ta gefe. Dubawar gefe ta fi muhimmanci ga doguwar sarƙa, domin a nan ake ganin ko ta kwanta a jiki ko tana reto a iska. Akwai kuma lissafin da ya kamata a riƙe: duk inci biyu da aka ƙara wa sarƙa, kusan inci ɗaya kawai take sauka, tunda ƙarin ya rabu gida biyu, dama da hagu. Mai son sarƙarta ta sauka da inci uku, shida za ta ƙara.

Gajerun: inci 14 zuwa 20

Mai inci 14 zuwa 16 ita ce mai kama wuya. Manyan saitin amare masu faɗi da duwatsu galibi a nan suke. Tana son wuyan riga a buɗe, mai faɗi daga kafaɗa zuwa kafaɗa ko mai zurfi, yadda fata za ta fito tsakaninta da yadi. Tana yi wa mai dogon wuya kyau ƙwarai. Mai gajeren wuya ko cikakken wuya kuwa, tana yanke mata shi gida biyu ta ƙara wa fuska faɗi. Matsalarta babba ita ce tana manne da fata daga safe har dare. A zafin bazara zufa na taruwa a ƙarƙashinta. In mai ruwan gwal ce, ruwan ya fi saurin kwashewa, kuma in ƙarfen cikinta yana da sinadarin nikel, mai jikin da ba ya shiri da shi za ta ga ƙuraje da ƙaiƙayi sun zagaye wuyan daidai inda sarƙar ta bi. In tagulla ce a ciki, fatar ta yi kore. Kada a sayi wannan tsawon sai da ɗan ƙarin zobba a bayansa, ko igiyar da ake zugewa irin ta saitin Indiya, domin jiki na canzawa, musamman lokacin ciki da bayan haihuwa.

Inci 18 shi ne tsawon da aka fi sayarwa, kuma ba a banza ba. Yana sauka daidai gindin wuya ko ƙasa kaɗan, yana zama cikin wuyan yawancin ɗinkin atamfa da leshi, yana ɗaukar ƙaramin kai ba tare da ya juye ba, ba ya kai wa hannun jariri da sauƙi, ba ya leƙa tukunya. Amma inci 18 a wuya mai inci 13 daban yake da inci 18 a wuya mai inci 16. A na biyun ya koma mai kama wuya. Mai cikakken wuya inci 20 za ta nema don ta samu abin da wasu ke samu a 18.

Ga mai matsakaicin wuya, inci 20 yana da wani tarko. Sau da yawa yana faɗawa daidai bakin wuyan riga zagaye, sai kan sarƙar ya riƙa shiga yana fita, ana ta zaro shi da yatsa. Ko dai sarƙa ta tsaya a kan fata, aƙalla inci ɗaya sama da bakin rigar, ko ta wuce bakin sosai ta kwanta a kan yadi. Tsayawa a kan iyaka shi ke ɓata kwalliya.

Na tsakiya: inci 22 zuwa 24

Wannan ya fi kowane tsawo wuyar sha'ani. Inci 22 yana tsayawa a saman ƙirji, 24 kuma a tsakiyarsa ga mafi yawan mata. Ga siririya mai tsawo, a kan riga mai rufaffen wuya marar aiki, yana da kyau da natsuwa, kuma ya dace da zuwa ofis. Ga mai cikar ƙirji, sarƙar tana hawa tudun ne ta tsaya a kai, kan ya karkace gefe, ya kuma ja idon mutane zuwa inda mace mai kamun kai ba ta so. Ita wannan ko ta tsaya a 20 ko ta tsallake zuwa 30. Amfanin inci 24 na gaske shi ne zama ta biyu a ƙarƙashin mai inci 18.

Dogayen: inci 28 zuwa sama

Inci 28 zuwa 30 yana sauka ƙasan ƙirji, 36 yana kusantar cibiya, abin da ya kai 45 kuma ya wuce ta, ba a ma cika barinsa a sake ba. Doguwar sarƙa a kan yadi take zaune, ba a kan fata ba, don haka rigar ce ke faɗin ko za ta yi. Abaya baƙa marar duwatsu, bubu na shadda mai launi ɗaya, doguwar riga mai rufaffen wuya, waɗannan su ne filinta. A kan atamfa mai manyan zane da launi huɗu ko biyar, siririyar sarƙa ɓacewa take yi. Sai dai a saka mai manyan duwatsu masu launi ɗaya da aka ɗauko daga cikin launukan atamfar. A kan leshi mai duwatsu ko riga mai aiki cike da gaba, a haƙura da ita: zobban na kama zaren aikin suna tsinka shi, duwatsun leshin kuma suna karce ruwan gwal a duk taku.

Ga mai yafa mayafi ko naɗa shi a kan abaya, nan ne doguwa ta fi gajeriya nesa ba kusa ba. Naɗin yana rufe wuya har saman ƙirji, mai inci 18 ba wanda zai gan ta. Mai inci 30 zuwa 32 kuwa tana fitowa a ƙasan naɗin. Sarƙa ake fara sakawa, sannan a naɗa mayafin a kanta. In aka ɗora ta a saman mayafi, nauyinta yana jan naɗin baya har ya zame, maɓallin kuma ya tsaga siririn yadi. Mai dogon hijabi ba ta da wannan lissafin a waje. Ita sai ta zaɓi abin da ba zai dame ta a ƙarƙashinsa ba, kuma gajeriya ta fi.

Tsawon mace ma yana cikin lissafi. Gajeriyar mace da ta saka inci 36 a sake, sarƙar na sauka har ƙasan cibiya ta danne ta. Inci 28 ya ishe ta. Doguwar mace ce ke ɗaukar 36 lafiya. Abin lura shi ne ƙarshen sarƙar ya tsaya tsakanin ƙasan ƙirji da saman cibiya. Mai tumbi ta guji wadda za ta ƙare a kansa.

Doguwar sarƙa da ba kai a jikinta ba ta da abin da zai riƙe ta a tsakiya, shi ya sa take yawo, ta zame gefe ɗaya na ƙirji, maɓallin ya gangaro gaba. Dalilin gangarowar shi ne maɓallin ya fi sauran sarƙar nauyi, kuma mai nauyi ƙasa yake nema. Maganinsa a rataya mata kai wanda ya fi maɓallin nauyi. Sai dai kada a wuce gona da iri: masu sana'ar sun saba cewa kada nauyin kai ya wuce na sarƙar da ke ɗauke da shi. Ki kuma duba zoben kan, ko maɓallin sarƙarki zai iya ratsa shi, tun kina shagon.

Ninkawa ita ce babbar ribar inci 36. A zagaya wuya da ita sau biyu, ta zama sarƙa biyu, ko 18 da 18, ko 16 da 20, wanda ya fi kyau don kowace ta fito daban. Inci 30 ba ya ninkuwa ga yawancin mata, domin 15 da 15 shaƙewa ce. Sannan ninkin na buƙatar maɓalli. Zagayen kan babban mutum yana kusan inci 22, saboda haka sarƙar da ba ta da maɓalli sai ta kai aƙalla inci 24 kafin ta ratsa kai, in da manyan kitso ko an riga an yi ɗaurin ɗankwali sai 28 ko fiye. In za a ninka marar maɓalli, zagayen farko zai ci inci 14 na wuya, na biyu kuma dole ya ratsa kai, ka ga 36 ya yi kaɗan, sai 42 zuwa sama. Mata da yawa a nan suke tsinka sarƙa, suna jan zagaye na biyu da ƙarfi a kan kunne. Akwai wata hanyar ga marar maɓalli: a ninke ta biyu a hannu, a kai bakunan biyu bayan wuya, a haɗa su da ɗan maƙalli ko siririn ƙyalle mai launin rigar. Inci 36 ya koma 18 mai layi biyu ba tare da ya bi ta kai ba. Mai son zagaye uku sai ta nemi inci 54.

Ƙullin ado a gaban doguwar sarƙa kuwa na duwatsu ne kawai, kuma ƙanana, masu milimita 6 zuwa 8, a zare mai laushi, tsawon ya kai inci 45. A yi shi sako-sako, ya zauna a ƙasan ƙirji, a kwance shi da an dawo gida, in ba haka ba zaren ya miƙe a wurin ya bar giɓi. Sarƙar ƙarfe ba a ƙulla ta. Mai faɗi sumul ɗin nan da ke kwanciya kamar fatar maciji, da zarar ta lanƙwashe sau ɗaya tabon ya zauna ke nan, maƙeri ma ba ya iya mayar da ita yadda take. Irin wannan ƙirar a bar ta a inci 16 zuwa 18, kuma kada a rataya mata kai.

Jera sarƙa biyu ko uku yana son tazara. Tsakanin kowace da mai bi mata a bar inci biyu in gajeru ne, huɗu zuwa shida in an shiga dogaye: 16, 18, 24, ko kuma 18, 24, 30. Sirara masu kauri ɗaya su suka fi harɗewa, domin tafiyarsu ɗaya ce, suna murɗa juna a ƙeya. A bambanta ƙira da nauyi, mafi nauyi ta zama ta ƙasa, a fara saka gajeriyar. Akwai maɓalli mai zobba biyu ko uku a jere da ake sayarwa don wannan aikin, yana raba su a baya. In ta ƙasa tana da babban kai, na sama su zama ba kai ko ƙarami sosai, 'yan kunne ma a sassauta.

Kuɗi da ƙarfi

Gwal da giram ake sayar da shi, tsawo kuma giram ne. In mai inci 18 ta yi giram 9, irinta sak mai inci 36 giram 18 ce, kuɗin ya ninka. Nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada: mace na son doguwa, kuɗinta na giram 9 ne, sai a ba ta doguwa siririya kamar gashi. Doguwar sarƙa ta fi gajeriya shan ja, da hannun jaka, da bel ɗin mota, da bakin tebur, da hannun yaro, don haka ita ce ma ta fi buƙatar kauri. Milimita ɗaya ya isa ga inci 18 mai ƙaramin kai. Daga inci 28 zuwa sama, kada a yi ƙasa da milimita ɗaya da rabi, biyu ya fi kwanciyar hankali. Wasu sarƙoƙin kuma holoƙo ne a ciki, an yi su don su cika ido da giram kaɗan. In kauri ya yi yawa nauyi ya yi kaɗan a tafin hannu, to ita ce. Tana lotsawa, kuma gyaranta wahala ne.

Karat ma ya shigo ciki. Lambar da aka buga kusa da maɓalli tana faɗin kason gwal a cikin dubu: 750 karat 18 ne, 875 karat 21, 916 karat 22. Gwal tsantsa yana da laushi, saboda haka karat 22 ya fi launi da daraja wajen sayarwa, amma zobbansa sun fi saurin miƙewa idan sarƙar siririya ce kuma doguwa. Karat 18 ya fi jure wahala. Hatimin shi kaɗai ba shaida ba ne, tunda ana iya liƙa maɓallin gwal a jikin sarƙar da ba gwal ba. A sa mai shago ya gwada jikin sarƙar, ya auna a gabanki, ya rubuta giram da karat a rasit. Masu gwadawa da mayen ƙarfe su sani cewa akwai ɗan ƙarfe mai tsalle a cikin maɓalli, zai iya ɗan kamawa ko da sarƙar gwal ce. Jikin sarƙar ne bai kamata ya motsa ba.

Saboda wannan lissafin, ga mai kuɗin sarƙar gwal ɗaya tak, shawararmu ita ce inci 18 mai kauri, da ƙarin zobba na inci biyu a baya, ta yadda za ta zama 18 ko 20 gwargwadon wuyan riga. Sha'awar doguwa a kashe ta da abin da ba a sayar da shi da farashin gwal: azurfa mai lamba 925, ko aikin azurfa irin wanda maƙeran Agadas suka shahara da shi, ko duwatsun gilashi na Bida, ko murjani, ko mai ruwan gwal. Mai ruwan gwal ma ta fi daɗewa in doguwa ce, tunda ƙeya kawai take taɓawa, muddin ba a fesa mata turare. Turare da humra da man shafawa su ake fara sakawa, a bari su bushe, sarƙa ta zo ƙarshe. Murjani da lu'ulu'un cikin kawa sun fi kowa tsoron turare da duk wani abu mai tsami, yana kashe musu ƙyalli, kuma ba ya dawowa da wanki.

Wadda ta riga ta mallaki gajeriya tana son ta biyu, inci 36 mai maɓalli ya fi 24 ko 30 riba, don shi kaɗai ke yin aiki biyu, a sake a kan abaya, a ninke a kan atamfa. Amarya mai haɗa gajeriya da doguwa ta gwada su tare da rigar ranar kafin a biya kuɗi, a tabbatar akwai tazarar yatsu uku tsakanin ƙasan ta sama da saman ta ƙasa, in ba haka ba a hoto za su cure wuri ɗaya.

Akwai waɗanda doguwa ba tasu ba ce a ranakun aiki. Mai shayarwa da mai ƙaramin yaro, hannunsa zai kai, kuma ƙwayar dutse da ta tsinke tana iya shiga bakinsa ko hancinsa. Mai aiki da keken ɗinki ko injin markaɗe ta cire ta gaba ɗaya, wannan ya wuce maganar ado. Haka ma'aikaciyar jinya mai sunkuyawa kan majinyaci. A cikin cunkoson kasuwa ko a kan babur a tura ta cikin riga, domin doguwa ta fi sauƙin fizga. Wajen salla ma a tura ta ciki, in ba haka ba a ruku'u ta yi ta lilo, a sujada kan ya bugi ƙasa.

Yawancin tsinkewa ba a tsakiyar sarƙa take faruwa ba, a ɗan zoben da ya haɗa maɓalli da sarƙa ne. Ki duba shi da kyau: in bakinsa a haɗe kawai yake ba a liƙe da wuta ba, ki sa maƙeri ya liƙe. Maɓalli mai ƙugiya da ɗan harshe ya fi ɗan zagayayyen nan ƙarfi, shi ya dace da doguwa. Ƙugiya mai siffar harafin S da ake samu a gwal mai karat 22 gefe ɗaya kawai ake buɗewa, kaɗan, a matse bayan an saka. Yawan buɗe ta da rufewa yana gajiyar da ƙarfen har ya karye. Sarƙar duwatsu doguwa tana da nauyi, zarenta na miƙewa da lokaci. Da an ga giɓi ya fara fitowa kusa da maɓalli, a sake shirya ta a sabon zare, a yi ƙulli tsakanin dutse da dutse, don in ta tsinke ɗaya ne zai faɗi.

In ana shakka tsakanin tsawo biyu, a ɗauki mafi tsawon, domin ragewa ta fi ƙarawa sauƙi. Maƙeri zai yanke zobba ya mayar da maɓalli cikin ɗan lokaci, amma ƙari sai an samo ƙira iri ɗaya da karat ɗaya da launi ɗaya, abin da ba kullum ake dacewa ba. Duk lokacin da za a rage sarƙar gwal, a auna ta kafin aiki, a auna bayansa tare da guntun da aka yanke, a karɓi guntun. Wajen ajiya, a rufe maɓallin doguwar sarƙa a rataye ta, ko a saka kowace a ƙaramar leda ita kaɗai a bar maɓallin a waje bakin ledar. In ta riga ta harɗe, a shimfiɗa ta a kan faranti, a ɗiga man zaitun kaɗan a kan ƙullin, a sassauta shi da allura biyu daga tsakiya, sannan a wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi a shanya ta bushe sarai kafin a saka.